Tallafi Mai Sharaɗi: Hukumar Kurket Ta Yorkshire Da Ƙananan Kulob-kulob

A arewacin Ingila akwai yankin da ake kira Yorkshire, inda wasan kurket ya zama gadon gida. Daga Afrilu zuwa Satumba, kowace Asabar, ƙauyuka da unguwanni kan fito da 'yan wasa 11 cikin fararen kaya, su kara da maƙwabta tun daga azahar har rana ta yi sanyi. Kulob-kulob ɗin yankin sun haura 700, kuma kusan dukkansu 'yan sa-kai ne ke ɗauke da su. Malamin makaranta ne sakatare, mai gyaran famfo ne ma'aji, wani dattijo da ya ajiye aiki shi ke kula da ciyawa, iyalai kuma su haɗa shayin da ake sha a tsakiyar wasa. Daga irin waɗannan wurare manyan 'yan wasan Ingila suka fito: Len Hutton daga Pudsey St Lawrence, Joe Root daga Sheffield Collegiate, Harry Brook daga ƙauyen Burley-in-Wharfedale.

A saman waɗannan kulob-kulob akwai hukumomi hawa biyu. Ta ƙasa baki ɗaya ita ce ECB, wadda aka kafa a 1997 don ta riƙe ragamar wasan a Ingila da Wales. A ƙarƙashinta kowane yanki yana da tasa hukumar mai kula da masu wasa don sha'awa, kuma ta wannan yanki an daɗe ana kiranta Yorkshire Cricket Board. Kada a haɗa ta da babban kulob ɗin ƙwararru na Yorkshire, wanda aka kafa a Sheffield a 1863, yake wasa a filin Headingley da ke Leeds, ya kuma ɗauki kofin gasar yankunan Ingila sau 33, har da guda da ya raba da wani, fiye da kowane kulob. Shi wancan burinsa cin kofi. Ita hukumar yanki aikinta horar da koci-koci da alƙalan wasa, kai wasan makarantu, raba tallafi, da sa ido kan yadda kowane kulob ke tafiyar da harkarsa. Mafi yawan kuɗinta daga ECB yake gangarowa, ita kuma ECB daga cinikin haska wasa a talabijin take samun kaso mafi tsoka na nata.

Gardamar da ba ta ƙarewa a zaurukan waɗannan kulob-kulob ita ce: hannun da hukuma ke miƙowa, raya su yake yi ko ɗora musu kaya? Abin da ya haifi tambayar shi ne tallafin ba ya zuwa haka kawai. Yana zuwa da fom, da ma'auni, da wa'adi. Wasu na cewa sharaɗin ne ya ceci wasan. Wasu na cewa shi ke korar mutanen da suka riƙe shi shekara da shekaru ba tare da an ba su ko sisin kwabo ba.

Babbar hujjar masu goyon bayan hukuma ita ce fili. Ƙwallon ƙafa ana buga ta a kowane sarari, a dasa duwatsu biyu a ce ga raga. Kurket kuwa sai da tsirin ƙasa mai tsawon yadi 22 a tsakiyar fili, wanda dole ya yi tauri ya kuma kwanta daidai, domin ƙwallon mai tauri ce, an naɗe ta da fata, kuma mai jifa yakan doka ta da ƙasa kafin ta isa ga mai duka. In ƙasar tana da rami ko tudu, ƙwallon sai ta zabura ta sami mutum a fuska. Shi ya sa mai kula da fili ke fara aikinsa da zarar an rufe kakar wasa a Satumba: ya kankare matacciyar ciyawa, ya watsa sabon iri, ya barbaɗa yumɓu na musamman da ake saye buhu-buhu. In Maris ya kama sai ya hau injin daɓe, ya yi ta kai-komo a hankali na tsawon sa'o'i, yana durƙusawa lokaci-lokaci ya danna yatsa a ƙasa don ya ji danshinta. In ta jiƙe da yawa injin zai lalata ta, in ta bushe kuma daɓen ba zai kama ba. Injin daɓen nan, da na yanke ciyawa, da rumfunan da ake turowa a rufe tsirin idan ruwa ya sauko, da ragar atisaye, kowanne dubban fam ne. Kulob ɗin ƙauye da ke rayuwa da kuɗin rajistar mambobi da ɗan cinikin abin sha a zaurensa ba zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai ba.

A nan hukumar yanki ke shigowa. Takan haɗa kulob da masanin fili wanda zai zo ya haƙo samfurin ƙasar, ya duba, ya rubuta abin da take buƙata. Ta hannunta ake neman ƙaramin tallafin da ECB ta tsara daga fam 1,000 zuwa 10,000, don gyaran zaure, ko samar da ɗakin sauya kaya na mata, ko tanadin ruwa da wuta. Akwai kuma bashi marar ruwa ga mai babban aiki. Amfanin wannan ya fi fitowa fili ranar da masifa ta auku. A ranar 26 ga Disamba 2015 kogunan Calder da Aire suka yi ambaliya, kuma da yawa daga filayen kurket na yammacin Yorkshire a bakin kogi suke. Ruwa ya shanye filaye, ya shiga zauruka, ya bar laka da ɓaraguzai a kan tsirin da aka yi shekaru ana reno. A Fabrairun 2020 abin ya sake maimaituwa. Wata guda bayan haka annobar korona ta rufe komai, ECB ta fitar da agajin fam miliyan 61, wanda kimanin miliyan 20 daga ciki aka ware wa ƙananan kulob-kulob a matsayin bashi da tallafi. Ba a koma wasa ba sai a Yuli. Masu goyon bayan hukuma suna tambaya: da babu wata cibiya mai asusu da ma'aikata da jerin sunayen kowane kulob, wa zai kai wannan agaji cikin makonni? Ban ga amsar da za a ba su ba.

Hujjarsu ta biyu yara ne. Yawancin makarantun gwamnati a Ingila sun daɗe da sakin kurket, saboda tsadar kayansa, da tsawon lokacin da yake ci, da rashin fili. A 2005 aka kafa gidauniyar Chance to Shine don mayar da shi makarantun, kuma koci-kocin hukumomin yanki ne ke shiga azuzuwa su yi aikin. A 2017 ECB ta fito da shirin All Stars na yara 'yan shekara 5 zuwa 8, wanda ya tara kimanin yara 37,000 a shekarar farko, sai Dynamos na 'yan 8 zuwa 11 ya biyo baya a 2021. Tsarin mai sauƙi ne. Iyaye su yi rajista ta intanet, a aiko wa yaro riga da sunansa a baya, ya riƙa zuwa kulob mafi kusa sau ɗaya a mako har mako takwas. Wanda ya leƙa irin wannan yamma zai ga yara sun watsu a ciyawa da sandunan roba, wata yarinya ta rufe ido ta kai duka, ƙwallon ta tafi, ta tsaya tana kallonta ta manta da gudu, uwarta na gefe tana mata ihu ta ruga. Iyayen da suka zo rakiya su ne gobe za a roƙa su riƙe littafin maki, jibi su zama ma'aji. Kulob-kulob da yawa da suka yi shekaru babu ƙungiyar yara ta wannan ƙofa suka farfaɗo da ita, kuma ta nan 'yan mata suka shiga wuraren da a da ba a taɓa tunanin su ba.

Sai maganar tsaron yaran, wadda a kanta ba ni da wata tantama. Kulob ɗin da ke son takardar amincewa da ake kira Clubmark dole ya naɗa jami'in kare yara, a binciki tarihin duk wanda zai yi aiki da su, koci ya zama mai takardar horo, a yi inshora, kundin tsarin kulob ya buɗe ƙofa ga kowa. Doka ce duk ɗan ƙasa da shekara 18 ya sa hular kwano in zai fuskanci ƙwallo mai tauri, an kuma iyakance yawan jifan da yaro mai jifa da ƙarfi zai yi a rana don kada bayansa ya lalace tun bai girma ba. Wanda ya ce a bar wa kowane kulob ya yanke wa kansa hukunci a kan waɗannan, ya tuna cewa wanda zai cutu in aka yi sake yaro ne da ba shi da kujera a taron kwamiti.

To amma mutanen kulob ma suna da bakin magana, kuma sun riga hukumar zuwa. An kafa gasar Bradford tun 1903, shekaru 94 kafin ECB. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a wannan gasa Jack Hobbs ya buga wa kulob ɗin Idle, Sydney Barnes ya buga wa na Saltaire, kuma masaƙa da ma'aikatan masana'antu ne suka tara kuɗin, suka share filayen, suka tsara gasar da kansu. Don haka idan matashin jami'i ya zo da kwamfuta yana koya wa sakataren da ya yi shekaru 30 a kan aiki yadda ake rubuta tsarin ci gaban kulob, ba abin mamaki ba ne ran dattijon ya sosu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kukansu na farko takarda ce. Kowane sharaɗi da ya yi kyau a ofis, a kulob yana nufin wani mutum guda ya zauna bayan ya taso daga aiki ya cike fom, ya loda takardu a intanet, ya bi koci-koci yana tuna musu wa'adin sabunta shaidarsu, ya shigar da sunan kowane ɗan wasa da sakamakon kowane wasa a manhajar Play-Cricket. A babban kulob ana raba wannan tsakanin mutane da yawa. A ƙaramin kulob mutum biyu ko uku ne ke yin komai, kuma sau da yawa wanda ke cike fom ɗin shi ne ke hawa injin daɓe. Ranar da ya ce ya gaji, babu tallafin da zai maye gurbinsa. Ina ganin hukumomi ba su ba wannan kuka nauyin da ya kamace shi ba, domin lokacin ɗan sa-kai ba ya fitowa a lissafin kasafi. Duk sabon sharaɗi kyauta ne a wurin wanda ya ƙirƙiro shi.

Kukansu na biyu ya fi zafi, don ya taɓo asalin kuɗin. A 2005 Ingila ta doke Ostireliya a gasar Ashes, aka nuna wasannin kyauta a tashar Channel 4, mutane sama da miliyan 8 suka kalla a lokaci guda. Daga 2006 aka mayar da wasannin Ingila tashar Sky, wadda sai ka biya kake kallo. Kuɗin ya shigo sosai, har yarjejeniyar 2020 zuwa 2024 ta kai fam biliyan 1.1. Amma yaran da iyayensu ba su da kuɗin Sky sun tashi kusan ba su taɓa ganin wasan a allo ba, in ban da irin wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2019 da aka saki kyauta, da 'yan wasannin da BBC ta soma nunawa daga 2020. Masu suka na cewa an ɓoye wasan daga idon yara don a sami kuɗi, sannan aka ɗebi wani abu daga kuɗin ana biyan koci-koci su je makarantu su gaya wa yaran akwai wani wasa wai shi kurket. Masu kare hukuma na amsawa da cewa ba don wannan kuɗi ba, da babu tallafin fili, babu agajin ambaliya, babu albashin mata 'yan wasa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai hukumar yanki ba ita ta ƙulla cinikin ba, ita dai take zaune da sakamakonsa.

Akwai kuma batun abin da ake ƙirgawa. Yawan yaran da suka yi rajistar All Stars lamba ce mai sauƙin sawa a rahoto. Yawan waɗanda suka ci gaba da wasa suna 'yan shekara 16 ya fi wuyar ƙirgawa, kuma a nan ne wasan ke zubar da mutane: ƙwallon roba ta koma mai tauri, kaya suka yi tsada, jarrabawa ta matso, wasan manya kuma yana cin wuni guda cur. Kyaftin ɗin ƙungiya ta biyu da ke buga waya daren Juma'a yana neman mutum na 10 da na 11, taron 'yan shekara 6 ba zai cike masa gurbin gobe ba. Ga kuma tsarin manyan gasanni da aka sake wa fasali a Yorkshire a 2016, inda hawa matakin sama ke buƙatar kulob ya cika sharuɗɗan fili da kayan aiki da ƙungiyoyin yara. Ingancin wasa a sama ya ƙaru, ba a musu. Amma yaro mai hazaƙa da iyayensa sukan bar kulob ɗin ƙauyensu su koma babba mai raga da koci, ƙaramin ya rasa wanda zai gaje shi, daga baya ya haɗe da maƙwabci ko ya rufe.

Da wannan ne kawai muhawarar, da sai in ce a rage takarda a ƙara amana, a tashi. Amma akwai mutanen da duka ɓangarorin biyu suka daɗe suna gardama a kansu ba tare da sun waiwaye su ba, kuma labarinsu ya sauya mini ma'aunin gaba ɗaya.

Tun daga shekarun 1950 da 1960 'yan Pakistan da Indiya da Bangladesh suka zo aiki a masaƙun Bradford da Dewsbury da Batley da Keighley, ɗauke da son kurket da ya kai na masu gida ko ya fi. Da yawansu ba su sami shiga tsofaffin kulob-kulob ba, wasu kuma sun shiga sun ga ba a yi marhabin da su ba. Sai suka kafa nasu. A 1980 aka buɗe gasar Quaid-e-Azam a Bradford, ana buga ta ranar Lahadi, yawanci a filayen haya ko na ƙaramar hukuma. Yaransu kuwa a lungu da wurin ajiye motoci suka koyi wasan, da ƙwallon tanis da aka nannaɗe da salatif ɗin masu gyaran wuta, dabarar da ta samo asali daga Karachi: salatif ɗin kan sa ƙwallon ta yi nauyi da santsi, ta yi gudu, in an bar gefe ɗaya a buɗe har ta karkace a iska. A wannan lokaci babban kulob ɗin Yorkshire yana riƙe da dokarsa ta cewa sai haifaffen yankin zai buga masa, dokar da bai saki gaba ɗaya ba sai 1992, lokacin da ya ɗauko Sachin Tendulkar. Kuma sai a 2004 ne ɗan asalin Asiya haifaffen Yorkshire, Ajmal Shahzad, ya fara sa rigarsa. Adil Rashid na Bradford ya biyo baya a 2006, ya je ya ci Kofin Duniya tare da Ingila a 2019. A 2018 ita kanta ECB ta bayyana cewa 'yan asalin kudancin Asiya sun kai kusan kashi 30 cikin 100 na masu wasan sha'awa a ƙasar, amma kashi 4 kacal na ƙwararru.

Sai Azeem Rafiq ya yi magana. Haifaffen Karachi ne da ya tashi a Barnsley, ya taɓa zama kyaftin ɗin 'yan ƙasa da shekara 19 na Ingila. A 2020 ya fito ya ce ya sha wariyar launin fata a kulob ɗin Yorkshire. Binciken da kulob ɗin ya sa aka yi ya tabbatar da 7 daga cikin ƙorafe-ƙorafensa 43, amma kulob ya ce ba zai hukunta kowa ba. Kamfanoni masu ɗaukar nauyi suka janye, shugaban kulob ya sauka, aka dakatar da Headingley daga karɓar wasannin ƙasa na wani lokaci, kuma a ranar 16 ga Nuwamba 2021 Rafiq ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya. A Yunin 2023 kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Cindy Butts, bayan ya saurari mutane sama da 4,000, ya fitar da rahoto mai shawarwari 44, ya ce wariyar launin fata da ta jinsi da ta matsayi sun yi katutu a wasan. Rahoton ya nuna kashi 58 cikin 100 na mazan da suka buga wa Ingila a 2021 makarantun kuɗi suka yi, alhali kashi 7 ne kawai na al'ummar ƙasar ke zuwa irin waɗannan makarantu. Wata guda bayan haka aka ci tarar kulob ɗin Yorkshire fam 400,000, aka kuma zaftare masa maki 48.

Adalci ne a faɗa cewa wannan shari'a ta kulob ɗin ƙwararru ce, ba ta hukumar ƙananan kulob-kulob ba. Amma hanyar da ke kai yaro can daga ƙasa take farawa: wane koci ne ya gan shi, wane kulob ne ya miƙa sunansa, iyayensa na da kuɗin kaya da na mota zuwa gwaji ko babu. Wannan ya raunana hujjar masu cewa a ƙyale kowane kulob da al'adarsa. An ƙyale su ɗin, shekaru masu yawa, kuma a wurare da dama abin da aka samu shi ne ƙofa a rufe, ko a buɗe amma baƙo ya ji a jikinsa ba a so shi ba. Kulob ɗin da duk hulɗarsa ta bayan wasa a mashaya take, wanda bai taɓa tambayar abin da ɗan wasa Musulmi zai iya ci a lokacin shayi ba, ko inda zai yi salla, ko inda yarinya za ta sauya kaya, ba lalle mugunta ce ta sa shi ba. Sau da yawa babu wanda ya taɓa sa shi ya yi tunanin. Sharaɗin hukuma ne ke sa shi.

Sai dai labarin ya tona asirin tsarin tallafin shi ma. Wa ke cin tallafin gini? Kulob mai fili nasa ko mai doguwar yarjejeniyar haya, mai asusun banki, mai kundin tsari, mai mamba da ya iya rubuta takardar neman kuɗi. Ƙungiyar direbobin tasi da ke hayar fili ranar Lahadi ba ta da zauren da za a gyara, ba ta da tsirin da masani zai zo ya duba. Ita da ƙaramin kulob ɗin ƙauye mai mutum uku, duk da nisan da ke tsakaninsu, matsalarsu iri ɗaya ce: an gina ƙofar tallafin daidai tsayin wanda ya riga ya miƙe. Wannan a ganina shi ne babban aibin tsarin, ya fi yawan takardu muni.

An soma gyara, kuma ya dace a yaba. Filin Park Avenue na Bradford, wanda aka buɗe a 1880, wanda Yorkshire ta buga wasanni a cikinsa fiye da ƙarni kafin ya lalace, an farfaɗo da shi da ragar atisaye a 2017, sannan a 2023 aka buɗe rufaffiyar rumfa da ake wasa a cikinta ko ana ruwa ko ana sanyi, da kuɗin ECB da na majalisar birnin. An shimfiɗa tsirin roba a wuraren shaƙatawa na birane don waɗanda ba su da mai daɓe. Bayan rikicin Rafiq, Yorkshire ta cire kuɗin horo da na kaya ga yaran da aka zaɓa cikin ƙungiyoyin yanki. Babu kulob guda da zai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zama da ƙaramar hukuma a kan fili, da shawo kan makaranta ta buɗe zaurenta da yamma, da haɗa ƙungiya marar fili da kulob mai fili marar mutane, aiki ne na wanda ke ganin yankin duka. Mutumin ƙauye zai ce rumfar Bradford ba ta ƙara masa ɗan wasa ko ɗaya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma Bradford ta yi shekaru tana jiran rabonta.

Saboda haka na tsaya tare da hukuma a kan cewa tallafi ya zo da sharaɗi, muddin sharaɗin ya shafi tsaron yaro da buɗe ƙofa ga kowa. Na tsaya tare da mutanen kulob a kan cewa duk sharaɗin da ya wuce wannan, wanda ya kafa shi ya turo mutumin da zai taya cika shi. Jami'i guda da ya san kulob 30 da sunayen masu riƙe da su, wanda zai je ya zauna da sakatare su cike fom tare, ya fi sabon shiri mai tambari da riguna amfani, ko da yake aikinsa ba ya yin kyau a hoto.

Yanzu kuma hujjar rashin kuɗi ta ragu. A 2025 aka sayar da hannun jarin ƙungiyoyi takwas na gasar The Hundred, aka tara sama da fam miliyan 500, aka kuma ce kashi 10 cikin 100 na wasan sha'awa ne, wato kimanin fam miliyan 50. Ɗaya daga cikinsu, Northern Superchargers ta Yorkshire, an sayar da ita ɗungurungum ga kamfanin Sun Group na Indiya a kan kimanin fam miliyan 100. Irin wannan kuɗi sau ɗaya yake zuwa. In aka bi da shi ta tsohuwar hanya, aka buɗe shafi aka ce mai so ya nema, zai tafi ne wurin kulob-kulob ɗin da suka saba nema suka saba samu. Ni dai abin da nake so in ga hukumar yankin ta fara da shi shi ne jerin ƙungiyoyin da ke wasa a filin haya da na kulob-kulob da ba su taɓa neman tallafi ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda hayar fili ta kusa ƙarewa, a sabunta ta da dogon wa'adi ko a saye filin kafin masu gina gidaje su riga kowa. Inda kulob biyar ke kusa da juna, a saya musu injin daɓe guda a ɗauki mai kula da fili da albashi, ya riƙa zagaya su, ya kuma koya wa wani matashi aikin kafin dattawan da suka iya shi su ajiye.